Hannun wana a allon tasha

Ni na fara ganin allon, kuma na ɓoye wa mutanen gida. Masu furoje ne, 'yan wata ƙungiyar agaji, suka kafa shi a bakin tashar Dogon Dutsi, daura da inda nake sayar da atamfa: hoton maza bakwai zaune cikin rairayi da jarkoki, an goge fuskokinsu, a ƙasa an rubuta da Faransanci cewa hamada kabari ce. Har a rediyo aka yi ta gardama a kansa, wasu na cewa a kama direbobin da ke ƙetarar da mutane hamada, wasu na cewa a ba samari aiki. Ba wanda ya tambayi su waye mutanen.

Wana shekararsa biyu ke nan da nufar Aljeriya, ko waya babu.

Ranar kasuwa Inna ta zo daga ƙauyenmu, Sukukutane. Na yi ta kewaya da ita ta bayan rumfuna, amma ina, sai da ta ɗaga kai. Ta nuna na uku daga hagu, mai guntun ɗan yatsa. Lauje ne ya cinye na wana tun muna yara.

"Wanga hannu ni na ɗaure shi," in ji ta.

Muka je meri, ofishin magajin gari. Wani ma'aikaci mai kirki ya ce daga Yamai aka aiko hoton, ba suna, kuma don kare mutuncinsu aka goge fuskokin. Inna ta tambaye shi ko suna da rai bayan an ɗauka. Bai sani ba. Raina ya ɓaci, na ce to mutuncin wa kuka kare?

A gida kawunmu ya yanke magana: gawa kaɗai ake rufe wa fuska. Ya ce sai matar wana ta shiga takaba, a raba gonarsa kafin ruwa ya sauka. Inna ta ƙi. Ta ce mataccen mutum ba ya zama riƙe da jarka.

Duk ranar kasuwa takan zo ta tsaya ƙarƙashin allon. Ni kuwa tsoro nake ji, don kullum ina kallon rana tana cin fentin. Jarkokin suka fara dushewa, sannan ƙafafu.

Bara aka sauke shi aka manna tallan takin zamani. Inna ta daɗe tana kallon buhun takin, sannan ta juyo ta ce in auno mata farin yadi, na takabar matar wana.