Miskilin Saratu Bai Canja Ba

Shekara tara ke nan da muka rufe ƙanwata Saratu a Kebbe, Allah Ya jiƙanta. Ni mai faci ne a tashar Tambuwal, karatuna bai wuce firamare ba. Wanda ke neman daɗin baki ya juya shafi.

Saratu ta fi ni kai. Tun tana budurwa take hayar littattafan soyayya, irin masu ban dariyar nan. Da hantsi, in an gama surfe, sai ta kife turmi ta zauna, ta karanta wa matan gidanmu tana sauya murya. Ta yi muryar kaka mai tsiya, ta yi ta saurayi miskili wanda ko sallama ba ya amsawa. Ni ma nakan tsaya a zaure ina ji. Labarin kusan ɗaya ne kullum: yarinya ta zuba wa mutum zoɓo a farar shadda, ya zage ta, su yi ta faɗa, can a littafi na uku ga shi durƙushe yana roƙonta. Na ce mata ai kowa ya san ƙarshen. Ta ce ba ƙarshen take bi ba. Ita abin da take jira shi ne ranar da mutumin zai fara laushi, ranar da zai tambaya ko yarinyar ta ci abinci.

Da Garba ya zo daga Kebbe neman aurenta, kowa ya ga halinsa. Ba ya dariya, ba ya godiya. Ba wanda ya tilasta ta, ita ta ce shi take so. Ta ga miskili, ta ɗauka nata ne ya fito daga takarda.

Shekaru ta yi tana jira. In na je na tarar ta rame, sai ta ce, "Yaya, wallahi shina canzawa. Jiya da kanshi ya miƙo min buta." Buta! Abin da ta samu ke nan.

Daminar da ƙafafunta suka kumbura, Garba ya ce zaman banza ne da karatun ƙarya, a bari a gama maimai, wato noma na biyu, kafin a kai ta asibiti. Aka gama maimai, ya ce a bari a yanke gero. Ranar da labari ya iso ni na ɗauki mota na tafi. Na tarar ana yi mata wanka.

Bayan addu'ar bakwai aka raba tufafinta sadaka, yadda aka saba. Saura buhun littattafai. Tsofaffin gidan suka ce wannan ba ya zama sadaka, babu lada a ciki. Garba ya kai wa mai ƙosai a bakin kasuwa. Da idona na ga ana yage su shafi-shafi, mai yana ratsa rubutun. Garba ma aka ƙunsa masa nashi, ya ci a tsaye.

Ɗiyarta Luba ta girma yanzu, tana ɗinki a nan Tambuwal. Ita a waya take karanta irin labaran, kuma in ta yi dariya sai ka rantse uwar ce. Ta sami saurayi mai sayar da kayan babur. Na ga ya daka mata tsawa a tasha, gaban jama'a, don ta yi jinkirin hawa bayan babur ɗinsa. Na kira ta gefe.

"Kawu, ba ka san shi ba," ta ce. "Hakanan suke farawa."

"Su wa?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Sai na gaya mata yadda uwarta ta mutu, ban rage komai ba, har ƙosan. Ta yi kuka, ta ce ba ni da imani. Tun ranar ba ta gaishe ni ba. Ni kawu ne, ba ni ke ba da aure ba. Garba da ƙannensa sun riga sun sa rana, bayan babbar salla.

Nakan tambayi kaina, da Saratu na nan me za ta ce? Ina so in ce bayana za ta bi, amma ƙarya ne, na san ƙanwata. Cewa za ta yi in ƙyale yarinya, yaron zai gyaru. Ban ga laifin littattafan ba, su suka ba ta dariyar da ba ta samu a gidan miji ba. Masu rubuta su sun san wasa suke yi. Ita ce ta ɗauki wasa ta shiga ɗakin aure da shi.

Garba na nan, ya yi ƙiba. Abin da ya rage na Saratu shi ne Luba, da mugun haƙurin nan da mutane suka yi ta yabo a wurin ta'aziyya, kamar ba haƙurin ne ya kashe ta ba.

Zan je ɗaurin auren, zan shafa fatiha. Amma na yaɓe ɗakin da ke kusa da zaurena, na sa masa ƙofa da sabuwar tabarma. Matata ta ce mugun fata nake yi wa yarinya. Ta faɗi abin da take so. Ranar da Luba ta fara ramewa, ba zan tambayi kowa ba, zuwa zan yi in ɗauko ta.