Jirgin Yaya Ya'u a Bakin Kanal

Jama'a, abin da zan ba ku labari ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, wallahi tallahi, kuma ga shi har furfura ta cika min kai ban san me zan kira shi ba. Cikin shekarun tamanin ne, lokacin ina walda a Kura, ina gyara wa manoman rani injin ban-ruwa da garma, gidanmu kuwa yana wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, dab da babban kanal, wato magudanar ruwan noman rani.

Ina da wa, ɗan wan babana, Ya'u sunansa, gida ɗaya muka tashi. Ya je aikin hajji ya zauna a Jidda yana leburanci, to a can ne ya ga wani wurin wasa a bakin teku mai jirgin ƙarfe da ke hawa sama ya gangaro da mutane suna ihu. Sau ɗaya ya hau, amma tun da ya dawo ba shi da zance sai wannan. Ko ana tsinkar tumatir sai ka ji shi yana cewa wai asalin abin daga Rasha ne, tudun ƙanƙara suke yi su zamo a kai, daga baya masu haƙar kwal suka gano daɗin gangarowa a keken ɗaukar kwal, wani mai kula da jirgin ne ya faɗa masa. Mutane suna dariya, har suka sa masa Alhaji Jirgi, shi kuwa ko a jikinsa.

Wata rana ya same ni a shago ya ce, "Ƙanena, so nake yaran garin nan su ji abin da na ji. Ga tudu Allah Ya ba mu, ga ka da wuta, me ya rage?"

Tudun da yake nufi ƙasar da aka tara ce lokacin haƙa kanal, a gefen gonarsa take. Haka muka shiga tsintar tsofaffin ƙarafa da bututun da masu aikin ruwa suka watsar, muka kafa layi biyu daga kan tudun, ya gangaro, ya ɗan hau, ya yi kwana a bayan rakensa, ya ƙare a gindin mangwaro. Jirgin kuwa rabin duro ne muka sa masa ƙafafun boris da benci. Ba inji, turawa kawai za a yi. Baffa, mahaifinsa, faɗa yake yi kullum, ya ce albasa tana bushewa shi yana wasan yara, amma Yaya Ya'u burinsa a buɗe da ƙaramar Sallah.

Saura kwanar nan ta bayan rake ba mu haɗa ba sandunan walda suka ƙare. Na tafi Kano sayowa, sai wani maigidana ya riƙe ni da aikin ƙofofi na 'yan kwanaki, kun san lokacin ba waya, wanda ya bar gida ya bari ke nan.

Ranar da na dawo kasuwar Bunkure ke ci, na sauka a mota bayan azahar na biyo gefen kanal da kayana a ka, rana tana dukan ƙeya, gonaki shiru ba kowa. Ina isowa tudun sai na ji an ce, "Ƙanena!" Na ɗaga kai, ga Yaya Ya'u a sama, da rigarsa ta aiki, ba takalmi, yana yi min hannu. Na hau muka gaisa, amma bai miƙo hannu ba, ni ma da yake ina riƙe da kaya ban kawo komai a raina ba.

Ya ce, "Na gama. Zo ka tura ni."

Na ce, "Haba Yaya, ka gama da me? Ga sandunan a kaina."

Ya ce, "Kai dai tura."

Ya shiga duron ya zauna, na ajiye kaya na sa hannu biyu, kuma na rantse da Allah nauyin mutum na ji, sai da na yi nishi kafin ya motsa. Jirgin ya gangara da ƙara, ƙarrr, ya hau, ya sha kwana ya ɓace a bayan rake, ina jin muryarsa yana ihu yana dariya irin wadda tun muna yara rabon da in ji, can sai ga shi ya ɓullo ya tsaya cak a gindin mangwaro. Kai, na yi murna! Na sauko da gudu na zagaya ta hanyar gona na same shi yana zaune yana haki.

Ya ce, "Ka gani? Saura kai. Mu ja shi sama."

Ni kuwa yunwa nake ji, ban yi azahar ba, kuma tun asali ina da tsoron tsayi. Na ce, "Yaya, a bari sai gobe."

Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Gobe kuma?" Sai ya yi murmushi ya ce, "To shi ke nan. Ka gaida su Baffa."

Na koma kan tudun na ɗauki kayana na tafi, ina ta mamakin wannan saƙon gaisuwa ga mutumin da suke kwana gida ɗaya. Da na waiwaya yana nan zaune a cikin duron, yana kallon tudun.

Ina shan kwanar gidanmu na ga tabarmi a ƙofa, mutane zazzaune, gabana ya faɗi, na ɗauka tsohuwarmu ce. Baffa ya kamo hannuna ya zaunar da ni ya ce, "Sai haƙuri, Ya'u ya riga mu. Amai da gudawa, jiya ya fara, da asuba ya cika, da hantsi muka kai shi."

Na ce, "Baffa, wane Ya'un? Yanzu na rabu da shi a gona!"

Ya toshe min baki da tafinsa ya ce kada in kuskura matar Ya'u ta ji. Bayan la'asar ya kira liman muka tafi mu uku. Jirgi yana gindin mangwaro, ba kowa a ciki. Muka bi layin muka zagaya bayan rake, innalillahi, kwanar tana nan yadda na bar ta, ƙarfen a yanke, giɓi ya fi tsawon mutum, guntayen da za mu haɗa suna yashe a ƙasa ciyawa ta fara rufe su. Babu ta inda duro zai tsallake wannan wuri da mutum a ciki. Na zauna a ƙasa.

Liman ya ce mamaci ba ya dawowa, amma aljani yana iya ɗaukar kamar mutum, kuma da na hau da gawa biyu za a yi a gida ɗaya. Ban musa masa ba, ya fi ni sani. Sai dai ni na san dariyar wana, kuma ban ga mugunta a fuskar nan ba.

Baffa ya ce a sare jirgin da layinsa kafin sadakar bakwai. Na roƙe shi, na ce ga sanduna na sayo, wuni ɗaya ya ishe ni in haɗa kwanar yara su hau da Sallah kamar yadda mamacin ya so. Ya ce ko bayan ransa bai yarda ba. Ni da na haɗa shi ni na yanka shi, ƙarafan suka ƙare a ƙyauren shaguna, ba yaro ɗaya da ya taɓa hawa.

Maganar ba ta ɓoyu ba. Da Hajara, matar Ya'u, ta fita takaba, ta tare ni a zaure ta ce, "An ce ka gan shi. Ba abin da zan tambaye ka sai ɗaya, ya ji daɗi?"

Na ce, "Wallahi ya ji daɗi, har ihu ya yi."

Ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "To alhamdulillahi," ta shige ciki.

Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, kuma ban san wanne ya fi damuna ba, da na hau me zai same ni, ko kuwa yadda na juya na bar shi zaune shi kaɗai saboda yunwa. Da na sani da na zauna kusa da shi ko na ɗan lokaci ne, ko da ban hau ba.

Shawarata gare ku, in naku ya ɗauko wani buri, ko kuna ganin shirme ne, ku taya shi ya gama tun yana tare da ku. In kuma kuka dawo daga tafiya wani ya kira sunanku a wurin da ba kowa, ko da rana tsaka ne, ku yi addu'a kafin ku amsa. Allah Ya jiƙan Yaya Ya'u, Ya sa mu cika da imani.