Shekara Uku Ana Kirana Alƙali

Edita, sallama a gare ka da masu karatu. Lokacin da abin nan ya fara ni saurayi ne ɗan shekara goma sha tara a cikin garin Daura, na gama sakandare, ina ji da kaina kamar da ni aka yi shawara kafin a ƙirƙiro Turanci. Mahaifina fataucin shanu yake yi. Idan ya kalli sa sau ɗaya zai gaya maka shekarunsa da irin ciyawar da ya ci, amma takardar boko, ko ta asibiti ce, sai an kira ni. Duk abin da aka rubuta daga hagu zuwa dama ni ne idon gidan a kansa, kuma wannan amanar ce na ci.

A shekarun ne aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, kowane uba mai ɗa a makaranta yana mafarkin alƙali a gidansa. Baba ya ce idan na je cike fom ɗin jami'a in rubuta Shari'a, in sun nemi zaɓi na biyu in ƙara rubuta musu Shari'a don su san da gaske muke. Ni kuwa tun aji uku zuciyata tana wajen darasin ilimin zamantakewa, wanda 'yan makaranta ke cewa Soshiyal. Malaminmu ya taɓa zana mana iyakar ƙasa da ke Kongolam a allo, ya bayyana mana yadda aka yi kakan mutum ya kwana a ƙasa ɗaya ya tashi ƙanensa yana wata, tun ranar na san aikin da nake so. Na cike digirin koyarwa a sashen Soshiyal. Da takardar gurbi ta zo Baba ya miƙo mini ya ce in karanta masa, na dubi takarda na dubi fuskarsa, na ce sun ba ni Shari'a. Ya tashi ya yi alwala ya yi nafila. Ni na zauna ina jin kamar ƙasa ta tsage.

Daga ranar sunana ya ɓace. A gida Alƙali, a masallaci Alƙali, 'yan acaba a tasha suna ce mini Allah ya gafarta. Idan na zo hutu sai in riƙa ɗaure fuska ina yawo da littafi mai kauri, wanda a gaskiya kan tarihin ƙananan hukumomi yake magana. Shekara uku na yi a haka.

A hutun shekara ta uku mijin Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a garin Babban Mutum, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu da gona. Ƙannensa suka ce tunda babu ɗa namiji gona tasu ce, a ba ta abin da ya samu ta yi haƙuri. Goggo ta ce ita ba ta yi karatu ba amma ba ta yarda ba. Aka yi ta ja, har aka daidaita cewa maimakon a tona asirin zumunci a kotu, a zo Daura, duk abin da Alƙalin gidanmu ya faɗa shi ke nan. Baba ya yi murna ƙwarai, har sabuwar tabarma ya sa aka shimfiɗa a zaure. Kwana ɗaya kafin zaman, babban cikin ƙannen ya tare ni a bakin kasuwa da zabbi biyu a hannu, yana kirana ranka ya daɗe, mutumin da ya girmi Baba. Ya ce ba komai ba ne, gaisuwa ce, ya san ni yaro ne mai hankali, na san mace gidan wani za ta. Nan na gane dalilin da suka yarda da ni: ba ilimina suke girmamawa ba, ƙuruciyata suka hango. Na ce masa ba na cin zabo. Ƙarya ce ita ma, amma ita ba na nadamarta.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in lallaɓa wajen liman in tambayi rabon, in zo in rera kamar nawa. Amma ko tambayoyin da ya kamata in yi masa ban sani ba. Idan na manta magaji ɗaya, ko suka jefo mini abin da ban haddace ba na yi kame-kame, gonar marayu ce za ta tafi, kuma da bakina.

Da hantsi zaure ya cika. Baba ya yi gyaran murya ya ce to Alƙali, ga magana. Na tsuguna na ce ni ba Shari'a nake karantawa ba, ban taɓa shiga ajinta ba, aikin malanta nake koyo. Baba ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya tambaye ni su 'yan Soshiyal ɗin hukuncin me suke yankewa, na ce ba sa yanke komai, yara suke koya wa yadda ake zaman ƙasa. Mai zabbi ya kwashe da dariya ya ce ashe mai goge allo aka tara dattawa a gabansa, Allah ya sawwaƙe. Goggo daga bakin ƙofar cikin gida ta ce ko mai goge allo ne ai ya san hanyar kotu, in tashi in kai ta. Na ce na sani, kuma na san yadda ake shigar da ƙara, don wannan kam an koya mana. Washegari na ɗauke ta a mashin. Alƙali na gaske ya raba yadda Allah ya ce, ita da 'ya'yanta suka sami haƙƙinsu.

Baba ya yi wata biyar ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Har yau idan baƙo ya zo yana nuna ni ya ce ga wanda ya ƙi alƙalanci. Ban taɓa ba shi haƙuri a kan kwas ɗin ba, kuma ba zan bayar ba. Ina koyarwa, ina son aikina, kuma ban ga ranar da allo ya zama abin kunya ba. Abin da na durƙusa na roƙi gafara a kai shi ne na mai da rashin bokonsa makami a kansa, na bari ya ji kunya a gaban surukai.

Iyaye, ku tambayi yaro abin da yake so kafin ku raɗa masa sunan aiki. Ku kuma masu cike fom, ku zaɓi abin da za ku iya, amma ku faɗa a ranar, ku sha faɗan ku tashi. Ni na ɗauka ƙaryata tsakanina da mahaifina ce kawai, sai ga shi saura kaɗan ta cinye gonar yara biyu da ba su san an yi ta ba.