Tafiyar ƙanƙara da ba mu yi ba

A wani shagon takalma da ke titin Zhanxi Lu a Guangzhou maigidana ya fara jin labarin ƙasar ƙanƙara. Mai shagon, wani Basine da muka daɗe muna sari a wurinsa, ya dawo daga hutu fuskarsa a ƙone kamar wanda ya wuni a gona. Ya ce jirgin ruwa ya shiga zuwa can ƙarshen duniya ta kudu, inda babu gari, babu ko bishiya. Ya miƙo mana wayarsa. Muka ga duwatsun ƙanƙara suna yawo a kan teku, da wasu tsuntsaye masu baƙin baya da farin ƙirji suna tafiya a tsaye kamar mutane.

"Laoban, da dare fa, yaya wurin yake?" in ji maigida. Laoban ake ce wa mai shago a can.

"Meiyou," in ji mai shagon, wato babu. Ya ce rana takan sauko kamar za ta taɓa ruwa, gari bai gama duhu ba ta sake tashi.

A hanyarmu ta komawa Dengfeng, inda muke haya, maigida ya ce, "Hajiya, ya kamata mu je mu ga wannan ikon Allah."

Na ce, "Alhaji, kai da fanka ma ke sa ka mura?"

"Sai in sa riga uku. Ke dai ki ce to."

Na ɗauka wasa yake yi. Ashe har ya je wurin wani malami ɗan Maraɗi ya tambayi yadda ake salla inda dare ba ya cika, aka ce ya bi lokacin garin da ya fi kusa.

Jiragen ba sa zuwa sai lokacin da ƙanƙarar teku ta saki, kuma lokacin yakan faɗo daidai gab da sabuwar shekarar Sinawa. Duk ɗan kasuwa a Guangzhou ya san waɗannan makonni. Masana'antu na shirin rufewa, ma'aikata na tafiya ƙauyukansu, wanda bai loda kwantena ba sai ya jira har su dawo, 'yan kasuwar Kwari da ta Wambai kuma na ta bugo waya daga Kano. Kowace shekara nakan ce, "Bana dai mu loda, baɗi sai mu tafi." Bai taɓa musa mini ba. Yakan ce, "Allah ya kai mu," ya ɗauki jakarsa mu nufi kasuwa.

Shekarar da na ce to, kamfanin jirgin ya nemi shaidar likita, domin wurin ya yi nisa da kowane asibiti. Likitar ta daɗe tana sauraron ƙirjinsa. Ta sa aka yi masa hoto, sannan ta yi magana da mai yi mana tafinta a hankali. Ta ce zuciyarsa ta kumbura, ba za ta sa hannu ba. Ta ce da a shekarun baya ne, wataƙila da ta sa.

Muka fito muka zauna a kan benci a bakin asibitin. Yana ta kallon motoci. Can ya dafa gwiwata, abin da bai saba yi a gaban mutane ba.

"To Hajiya, an hutar da ke. Tashi mu je mu loda kayanki."

Ya yi dariya. Na tashi na bi shi.

Mun loda kayan a kan lokaci. Shi kuma na raka shi gida Kano, can ya rasu kafin damina ta sauka. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.