Takardar Murabus Marar Kwanan Wata

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni injiniyar lantarki ce, na shekara goma sha biyar ina koyarwa a kwalejin kimiyya, kuma tun ina ƙarama aka san ni da bin diddigi. Da jiharmu ta kafa hukumar sa ido kan kamfanonin rarraba wuta, wani Alhaji, aminin marigayi mahaifina kuma mai faɗa a ji a jam'iyya, ya miƙa sunana. Wani ɓangaren jam'iyyar ma yana da nasa mutumin, aka yi ta ja-in-ja kafin majalisa ta tantance ni. Wa'adina shekara biyar ne, doka ta ce ba mai cire ni sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Ana gobe rantsuwa Alhaji ya kira ni falonsa, ya miƙo min takardar murabus da sunana a jiki, gurbin kwanan wata kuwa fayau. Ya ce kowa sai ya sa hannu, don hankalin manya ya kwanta kawai. Ni sarkin tambaya, ranar ko ɗaya ban yi ba. Kunya ta sa na rattaba hannu, don matsayin uba yake a wurina.

A shekarata ta biyu aka tura ni birnin Guangzhou na ƙasar China in duba mitocin kati da za a liƙa a gidajen jama'a, tunda sai mun amince za a shigo da su. Masana'antar tana unguwar Panyu, tsaf-tsaf, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Komai aka gwada a gabana ya yi daidai. Amma sanyin nan ya tsaya min a rai. Mitar da za ta zauna jikin bango a ranar watan Afrilu ta garinmu, me ya haɗa ta da ɗakin da nake rawar ɗari? Na sa tafinta ya tambayi laoban, wato mai wurin, ko suna gwada su a cikin zafi. Ya yi murmushi ya ce meyo, babu, mai odar ya zaɓi samfuri mai araha ne, bai nemi wannan ba. Na roƙi guda biyu, ya ba ni.

Ina da ɗan'uwa mai sayen kaya yana turawa Kano, masaukinsa a wajen titin Huanshi Lu. Muka hau saman benensu da tsakar rana, muka ajiye mita ɗaya a inuwa, ɗaya cikin akwatin kwano a rana, kowace muka jona mata dutsen guga iri ɗaya. Yana ta tsokanata wai an turo ni aikin gwamnati na ɓige da guga. Kafin la'asar ta rana ta cinye katinta, ta inuwa da sauranta. Muka musanya su washegari, abin bai canza ba, wadda ke rana ce dai ta riga cinyewa. Wallahi daɗi na fara ji, irin na wanda ya warware lissafi, sai daga baya na tuna talakan da zai sayi wuta ta ƙare masa ba tare da ya sha ba.

Maimakon in rubuta rahoto in tura wa hukuma a ajiye, sai na kira Alhaji ina ɗoki, na zayyana masa komai. Ya saurara, ya sa min albarka, ya tambayi ko na gaya wa wani. Na ce a'a. Ban san surukinsa ne ya yi odar ba.

Kwana biyu bayan nan mahaifiyata ta kira ni tana kuka, tana tambayar wace cuta ce nake ɓoye mata har na tafi China neman magani. A rediyo ta ji wai na ajiye aiki saboda rashin lafiya, an kuma naɗa mutumin ɗaya ɓangaren, an yi sulhu a jam'iyya. Ranar nan wuni na yi ina amsa gaisuwar ya jiki. Har wata 'yar Maraɗi da muke cin abinci wuri ɗaya sai da ta kawo min zuma.

Da na koma gida na kai ƙara. Lauyana ya karanto doka tiryan-tiryan, alƙali ya yi min tambaya biyu kacal, ko sa hannun nawa ne, kuma ko an tilasta ni. Na ce nawa ne, ba wanda ya tilasta ni. Shi ke nan. Rahoton da na rubuta daga baya kuwa aka ce na wadda ba ta kan kujera ne, ba a ma buɗe shi ba. Mitocin suka shigo.

Har gobe ina tambayar kaina yadda aka yi na iya gano abin da ke cikin mita a ƙasar da ban jin yarenta, na kasa gano abin da ke cikin takarda mai layi uku. Kujerar ba ta dame ni ba kamar mutanen da ke zagin kamfanin wuta kullum, alhali ni na san gaskiya kuma da hannuna na ɗaure bakina. Don haka duk wanda aka yi wa alkawarin muƙami, mace ko namiji, in aka ce sa hannu yanzu a cike sauran daga baya, ya nemi uzuri ya tashi, ko da mai miƙo takardar shi ya yanka masa ragon suna. Ni ina ganin shekara biyu na yi ina aiki. Ashe tun kafin a rantsar da ni na sauka, ranar sanarwa kawai suke jira.