'Yan Kunnen da Ba Su Taɓa Ganin Makka Ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ban yi rubutu a nan ba. Ido ya yi rauni, hannu yana rawa, gidan kuma ni kaɗai ne tun rasuwar mai ɗakina Hajara. Jiya aka turo mini hoton wata jaririya a danginmu, an huda mata kunne an sa mata wasu 'yan kunne masu ƙyalli. Hankalina ya tashi. Shi ya sa zan faɗi abin da na daɗe ina riƙe da shi.

A shekarun da kuɗin mai ya shigo, kowa na hawa jirgi zuwa Makka, ina malamin firamare a nan Gombe, muna zaune a unguwar Madaki. 'Yarmu Mairo tana rarrafe. An huda mata kunne, Hajara ta zura zare tana jiran hujin ya warke.

Sai aminina Buba ya dawo daga aikin hajji. Tare muka yi elementare, a kwano ɗaya muke ci. Ya miƙo 'yan kunne a ƙulle cikin hankici.

"Na ɗiyata ne, Malam. Zinari ne, a bakin Harami na saya."

A ranar Hajara ta cire zaren ta sa mata.

Da fari ja wurin ya yi. Daga nan ya kumbura, yana fitar da ruwa. Mairo ta daina kama nono, kullum hannunta a kunne. Hajara ta ce a cire. Buba yana zaune a zaurena, ya ce, "Haba Malam, tsarabar Makka ake cirewa? Albarka ce. A shafa man shanu kawai."

Wa zai yi musu da abin da ya fito daga ƙasa mai tsarki? Muka shafa man shanu.

Kumburin ya haɗiye abin maƙalewar na baya, har ba a ganinsa. Mugunya tana wari. Wuyanta ya kumbura, jiki zafi rau. Wata safiya ta fara jijjiga, idanu suka kakkafe. Hajara ta goya ta, na ɗauke su a keke sai asibiti.

Sista, wata 'yar ƙabilar Tangale, ta duba ta ce, "Baba, me kuke jira tun tuni?"

Aka ɗebi jini. Likita ya ce ƙwayar cuta ta shiga jininta, sai an tsaga fatar kunnen hagu a ciro ƙarfen. Ni na riƙe ƙafafunta. Har yau ina jin wannan kukan.

Sista ta ajiye ɗan kunnen a tasa ta nuna mini. Ruwan gwal ɗin ya saɓule, ƙarfen ciki ya yi tsanwa.

Muka kwanta. Allura safe da yamma, wankin ciwo, ƙarin ruwa a hannun da bai fi yatsuna biyu kauri ba. Hajara tana kwana a tabarma ƙarƙashin gado. Na tambayi likita ko za ta tashi, ya ce, "Muna yi, ku yi addu'a." Rediyona na sayar don hidimar jinya.

Buba bai leƙo ba ko sau ɗaya.

Ranar da zazzaɓin ya sauka, na shiga kasuwa sayo mata kofin koko. A teburin wani mai koli na ga 'yan kunnen. Irinsu sak, jere reras a jikin kwali, kusa da madubai da tozali.

Na wuce shagon Buba da ɗan kunnen Mairo a tafin hannuna. Ya kalla, ya yi 'yar dariya.

"Tsarabar ce ta ƙare, Malam, jama'a sun yi yawa. Kowa ma haka yake cikawa."

Na ce, "Alhaji, ba kyautar ce ta dame ni ba. Ka ga kunnen yarinyar nan yana ruɓewa, ka san inda ka saye su, ka ce kada a cire."

Ya juya wajen mai ciniki.

Da ya ce mini na kasuwa ne, wallahi da na karɓa da godiya, kuma da Hajara ta cire su tun ranar farko. Mun ci gaba da gaisawa a masallaci har ya rasu, na kuma bi gawarsa. Amma ban sake cin abinci da shi ba.

Alhamdu lillahi, Mairo ta tashi. Allah ya saka wa sistar nan da likitan, ya jiƙan Hajara da ta fi mu gani.

Iyaye, ku bar hujin ya warke sarai kafin a sa ɗan kunne. Ku nemi zinari na gaske ko irin wanda ma'aikatan lafiya suka yarda da shi, mara nauyi, mara reto, kuma kada a matse na bayan. Kun ga ja, kumburi ko ruwa, ku kai asibiti a duba, ko wane ne ya kawo kyautar.

Mairo yanzu tana da jikoki a Kano. Idan ta zo duba ni, kallabinta kullum a karkace yake ta gefen hagu. Ba ta taɓa sa ɗan kunne ba tun daga ranar.