Anti Kulu da Matan da Ke Ɓacewa a Wata Bakwai

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar Anti Kulu, malamar asibitin da ta yi mini awon cikina na fari a Birnin Kebbi. Ba mu haɗa jini ba, amma ranar da aka kai ta makwancinta na yi kukan da ban yi wa wasu dangina ba. Allah ya jiƙanta da rahama.

Zan faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa, kowa ya ji. A wajen awon nan aka gano ina ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Mijina ma da ya je gwaji aka same shi da ita. Wallahi ban damu da kaina ba kamar yadda na damu da abin da ke cikina. Anti Kulu ta ce in ina shan magani ba fashi, na haihu a asibiti, aka ba jaririn nasa, da yardar Allah ba zai ɗauka ba. Maganin kyauta ne, wasu ƙungiyoyin ƙasashen waje ke kawo shi tare da gwamnati, amma ƙa'idarsu na wata ɗaya ake ba ka, kuma a inda aka buɗe maka kati.

To, ga inda matsala take. Cikin fari ba a haihuwarsa a ɗakin miji. Da ya kai wata bakwai, dole in bar Gwadangaji in tafi goyon ciki wurin Inna a Argungu. Mace mai cikin fari kuwa ko zancen cikin ba ta yi gaban iyayenta don kunya, balle ta ce za ta hau mota zuwa Birnin Kebbi duk wata. A ce mata me za ta ɗauko?

Ashe ba ni kaɗai ba ce. Baƙin nan masu tallafi sun lura mata na ɓacewa daga wata bakwai, suka ɗauka mazaje ke hana su, har suka shirya taron wayar da kan maza. Waɗanda suka halarci zaman sun ce Anti Kulu ta miƙe ta ce, "Ku bar mazan nan su tahi gonakinsu na shinkahwa. Matan ba gudu sunka yi ba, gida sunka tahi haihuwa!" Bakinta ba ya shiru, kuma ba ta tsoron kowa. Su ma baƙin, a ba su haƙƙinsu, sun saurara. Daga baya aka fara ba mai tafiya goyon ciki maganin wata uku, da takarda zuwa asibitin garin iyayenta.

Amma ni kafin wannan gyara na tafi. Saura ƙwaya huɗu a hannuna, na rasa ci na rasa barci, sai ga sallama da hantsi. Anti Kulu ce, ƙura har gira, da ƙullin kanwa da yaji na kayan jego. Ta gaida Inna a matsayin maƙwabciyarmu, ta miƙo mini ƙullin tana harara ta. Magani na can ƙasa. Sannan ta ce, "Inna, jinin ɗiyarki na son kulawa. Don Allah in naƙuda ta taso a kai ta asibiti." Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma tona mini asiri ba. Inna ta yi gunaguni, ta ce su goma ta haifa a ɗaki, amma da ranar ta zo ita da kanta ta nemo mota.

Yau da Anti Kulu za ta leƙo asibitin, da ta ga benci cike da mata, ana awo, ana gwaji, ana duba bakin mahaifa, duk ta ƙofa ɗaya. Na san da sai ta sami abin faɗa, don ba ta rabo da faɗa. Da ta ji ana cewa masu tallafi sun fara janye hannu kuwa, da ta gode musu, ta juyo kanmu ta ce to mu me muke jira. Ina alfahari da cewa gyaran nan daga bakin 'yar garinmu ya fito.

Ba a sa sunanta a jikin wani gini ba. Abin da ta bari yana yawo da ƙafafunsa. Yarinyar da na haifa a Argungu bana take gama sakandare, kuma ban taɓa gaya mata komai ba sai jiya, da na ga bai kamata ta fara jin labarin nan nawa a jarida ba. Idonta ya ciko, ta ce, "Mama, ni fa?"

Na ce, "Ke ba ki da komai. Sau uku aka gwada ki."

Ta ce, "To a kai ni gidan Anti Kulu in yi wa 'ya'yanta godiya."